Allurar Shanu da ta Yara a Rana Ɗaya: Yadda Likita ke Bin Makiyayi Har Ruga

Jama'a masu saurare, musamman ku da ke bin garke tsakanin Kanem, bakin Tafkin Chadi da Shari-Bagirmi, da ku 'yan kasuwa masu ƙetare gadar Ngeli zuwa Kusiri, ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na lafiya na wannan mako.

Tambayar da aka fi aiko mana ita ce: me ya haɗa malamin dabbobi da malamin asibiti a mota ɗaya? To, abin yana da asali. Wajen shekarar 2000, masu bincike daga Cibiyar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Suwizalan, tare da ɗakin binciken cututtukan dabbobi na Farsha da ke nan Njamena, sun zaga rugagen Fulani, Larabawa da Gorane. Abin da suka tarar ya ba kowa mamaki. Shanu da yawa an yi musu allura, amma a cikin yaran da aka duba ba a samu ko ɗaya da ya kammala rigakafinsa ba.

Dalili kuwa a fili yake. Asibiti yana zaune wuri ɗaya, makiyayi kuma yana bin ruwa da ciyawa. Malamin dabbobi shi ya san hanyar ruga, ya san lokacin da garke ke sauka, kuma makiyaya sun saba da shi. Sai aka ce to, a tafi tare mana. Mota ɗaya, mai ɗaya, a yi wa shanu, a yi wa yara da mata a zama guda.

Daga 2000 zuwa 2005 an yi irin wannan fita a Shari-Bagirmi da Kanem. An yi wa dabbobi kusan 149,000 allurar ciwon saifa, harbin daji da ciwon huhu. Yara sama da 4,600 sun kammala rigakafi, mata sama da 7,700 kuma sun samu allurar sarƙe-haƙora aƙalla sau biyu. Ɓangaren lafiya ya rage kusan kashi 15 cikin ɗari na kuɗin aiki saboda raba ɗawainiyar tafiya. Wannan tsari na kallon lafiyar mutum da ta dabba tare shi ake kira "Lafiya Ɗaya" a duniya yau, kuma Chadi na cikin misalan da ake bayarwa.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Yara da yawa sun karɓi allurar farko, kafin ayarin ya dawo an tashi ruga. Ku riƙe wannan da kyau: allurar da ke kare yaro daga mashaƙo, tarin shiƙa da sarƙe-haƙora sau uku ake yin ta, da tazarar aƙalla mako huɗu tsakani. Ta ƙyanda kuma sai yaro ya kai wata tara. Allura ɗaya ba ta isa ba. Idan kwanan wata ya wuce kuna hanya, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

A nan ne aikin 'yan sa-kai yake. Likita yakan zo ya tafi, amma ɗan sa-kai ɗan rugar ne, yana jin yaren mutanensa. Shi ke sanar da ranar zuwan ayari, ya ƙirga jarirai da masu ciki, ya faɗa wa asibiti inda ruga za ta sauka nan gaba. Ardo ko bulama idan ya tsaya a kan maganar, iyaye mata ba sa jin nauyin fitowa. Irin waɗannan 'yan sa-kai ne kuma ke sa ido kan kurkunu a ƙauyukan bakin kogin Shari, tare da Cibiyar Carter ta Amurka, tun da cutar ta sake ɓulla a Chadi a 2010.

To, me ya rage gare ku? Katin rigakafin yaro ku adana shi kamar takardar shanu. Ko a Kamaru, Nijar ko Najeriya kuka sauka, ku nuna shi a asibiti mafi kusa don a ga inda aka tsaya. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ci, domin ciwon saifa yana kama mutum. Madara kuma a tafasa ta kafin a ba yara.

Ku kuma 'yan kasuwar Durbali da Masakori, ku ne rediyon da ba ya buƙatar batir. In kun ji sanarwar zuwan ayari, ku isar wa masu kawo muku dabbobi. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.