Yankakken fure, ƙishirwa ke kashe shi

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tasawa da Mayahi, furen da aka ɗora bisa tebur don tarbar baƙi yakan langaɓe kafin la'asar. Haka zogala da alayyafon 'yan lambu, har a karyar da kuɗinsu.

Masu sayar da furanni a Turai sun san wannan asara game da daliya, furen da asalinsa Meziko ne, wanda da wuya ya wuce kwana 5 cikin ruwa. Ƙwayoyin cuta ne ke yaɗuwa cikin ruwan, su toshe hanyoyin da karan ke sha.

Maganin ba ya cin ko dala. A yanka da asuba, a tsoma nan take. A cire ganyen da zai nutse. Kullum a wanke kwalbar, a sake ruwa, a datse gindin karan kaɗan. A ajiye cikin inuwa, nesa da nunannen mangwaro, domin iskar da yake fitarwa tana tsofar da fure.

Mai zogala ma, in ya tsoma gindin damin cikin ruwan randa, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, kayansa na iya kai kasuwar gobe.