Yadda Ake Tsufar da Ƙaramar Bishiya a Japan

A unguwar Omiya da ke birnin Saitama, arewa da Tokyo, akwai lambunan bonsai, wato sana'ar renon bishiya a cikin kasko. An kafa su ne a 1925, bayan girgizar ƙasar 1923 ta tashi masu sana'ar daga Tokyo. Cikin itatuwan da suke ji da su har da momiji, mai ganye yatsu-yatsu da ke rikiɗewa ja wur da kaka.

Momijin kasko ba wani iri ne na daban ba. Da an bar ta a daji, da ta fi ɗaki tsawo. Abin da ke ba ta kamannin tsufa shi ne sigar gangar jikinta: kauri a gindi, tana sirancewa a hankali har ƙoli, kamar ƙahon sa.

Wannan siga sai an sha wuya. Akan dasa bishiyar a ƙasa, a ƙyale ta ta yi ta girma har gindin ya yi kauri, sannan a sa zarto a datse ta can ƙasa. Cikin tohon da ya fito sai a zaɓi ɗaya ya zama sabon kai. In ya yi ƙwari, shi ma a datse shi sama kaɗan da yankan farko. Haka za a yi ta yi, kowace gaɓa ta fi ta ƙasanta siranta. Wani lokaci kuma akan bar reshe guda a ƙasa ya yi tsawo son ransa don ya ƙara wa gindi kauri, daga baya a cire shi, a shafe ciwon da magani.

Su ma rassan da tasu ƙa'idar. Momiji tana fitar da toho biyu-biyu, suna fuskantar juna. In aka bar su duka a jikin ganga, wurin zai kumbura ya ɓata siga, don haka ɗaya ake bari. Na ƙasa su fi kauri, na sama su fi siranta. Da bazara, sabon toho na buɗewa ake tsinke tsakiyarsa don gaɓoɓi su gajarta.

Wajen lanƙwasa reshe kuwa, waya mai laushi ta alminiyam ake naɗawa, domin ɓawon momiji ba shi da kauri. Mai reno dai ya riƙa dubawa: in reshe ya yi ƙiba wayar ta nutse, tabon kan yi shekaru bai ɓace ba.