Maye da Annashuwa: Ma'anarsu da Yadda Ake Amfani da Su a Hausa

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za a duba kalmomin da Bahaushe ke amfani da su wajen siffanta gushewar hankali saboda abin sha, da kuma waɗanda yake siffanta tsananin farin ciki da su, domin a ga inda ya sa iyaka tsakaninsu.

Babbar kalma a rukunin farko ita ce "maye", watau halin da mutum kan shiga idan ya sha giya ko wani abu mai jirkita hankali. Karin sauti ne ya raba ta da "maye" mai maita, wanda daga gare shi aka sami "mayen ƙarfe". Sai kuma "buguwa", wadda ta fito daga aikatau "buga". Idan an ce "ya bugu", aikatau ɗin yana aji na 7 ne a rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960, ajin da ke nuna cewa aiki ya auku a kan mai shi sosai. Ke nan a ganin Bahaushe mashayi ba shi ne mai iko ba, giya ce ta buge shi. In abin ya yi tsanani akan ce "ya yi tatul" ko "ya yi mankas", tafiyarsa kuwa ta zama "tangaɗi".

Rukuni na biyu ya ƙunshi "nishaɗi" da "shauƙi" da "annashuwa", dukkansu aro ne daga Larabci. Ta ƙarshen ita ta fi jan hankali, domin asalinta, "nashwa", a Larabci tana ɗauke da ma'ana biyu: farin ciki da kuma somin maye. Da Hausa ta are ta sai ta riƙe farin cikin, ta yar da mayen. Shi ya sa za a ce malami yana cikin annashuwa, ba wanda zai zarge shi da kome.

Haka kuma, duk lokacin da Bahaushe ya ari kalmar maye ya ɗora wa wani hali, yawanci suka yake nufi. "Giyar mulki" da "giyar kuɗi" ba sa nuna murna, sai dai girman kai da rashin jin shawara.

Daga ƙarshe, wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai fassara. Sufaye na kiran ɗimaucewa cikin son Allah da kalmar Larabci "sukr", wadda ma'anarta ta zahiri maye ce. Wanda ya fassara ta da "buguwa" ya jingina wa shaihi laifin da haddinsa bulala 80 ne a mazhabar Malikiyya, alhali "shauƙi" ita ce kalmar da masu zikiri da kansu ke amfani da ita.