Foynes: Ƙauyen da Ruwa Ya Zame Masa Filin Jirgin Sama

A yammacin ƙasar Ailan, inda kogin Shannon, wanda ya fi dukan kogunan ƙasar tsawo, yake buɗe baki kafin ya zuba cikin Tekun Atalantika, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Foynes, wanda jama'arsa ba su kai dubu ɗaya ba, amma a wani zamani da wuya a sami mai nufin ƙetare tekun nan ta sama bai san sunansa ba. Asalinsa matsayar jiragen ruwa ne, domin Allah ya hore masa ruwa mai zurfi, ga tsibiri a gabansa yana tare masa iska da igiya, har ma aka ja masa layin dogo daga Limerick a 1858.

Sababin ɗaukakarsa kuwa abin lura ne. A wancan zamani, jirgin da zai iya ɗaukar man da zai ishe shi ƙetare teku yana da nauyi ƙwarai, alhali filayen sauka masu tsawo da ƙarfin da za su ɗauke shi ba su yawaita ba. Saboda haka ma'abota hikima suka ƙera jirage masu ciki irin na kwalekwale, waɗanda ke tashi daga ruwa su sauka a kan ruwa, suka shiga neman gaɓa mai natsuwa a ƙarshen yammacin Turai. A watan Yuli na 1937 aka yi gwajin farko, jirgin Ingila ya tashi daga Foynes zuwa Botwood ta Newfoundland, na Amurka kuma ya taso daga can ya sauka nan; bayan shekara biyu, ran 9 ga Yuli 1939, jirgin kamfanin Pan American mai suna Yankee Clipper ya iso da fasinjoji.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Ailan ta tsaya 'yar ba-ruwanmu, sai ƙauyen ya zama mahaɗar jakadu da hafsoshi, waɗanda ala tilas suke wucewa cikin kayan gida ba cikin kaki ba. Hasali ma mu kanmu muna da rabo a cikin wannan tarihi, gama jiragen kamfanin BOAC sukan tashi daga nan su bi ta Lisbon da Bathurst, wato Banjul ta yau, su sauka Ikko. A 1942 matuƙi Charles Blair ya kai fasinjoji New York daga Foynes ba tare da ya yada zango ba, cikin awa 25 da minti 40.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Yaƙin nan da ya cika ƙauyen da baƙi shi ne ya sa aka shimfiɗa dogayen filayen kankare a ƙasashe da dama, aka kuma kyautata jiragen da ke sauka a tudu, ta yadda zuwa ƙarshen 1945 zirga-zirgar ta koma sabon filin Shannon da ke ɗaya gaɓar kogin. Sana'ar farko ce ta wanzu, domin har yau manyan jiragen dakon kaya suna tsayawa a tashar.

Mutanen Foynes ba su bar labarin ya bi ruwa ba. A 1989 suka mai da tsohon ginin saukar fasinjoji gidan tarihi, matar marigayi Blair, wato 'yar wasan nan Maureen O'Hara, ta buɗe shi, daga baya aka ƙera kwatankwacin jirgin Boeing 314 daidai girmansa domin maziyarta su shiga su gani da idonsu. To, ya kai mai karatu, idan ƙauye ya iya adana tarihin shekara takwas kacal, ina uzurin garin da ya gaji na ƙarnoni ya bar wa gara?