Bututun Hayaƙi: A Kula Da Mahaɗinsa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya soma gangarowa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, manomin wannan yanki ya daina hutun rani. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa. Aikin gona ya ƙaru, aikin murhu kuma ya ƙaru tare da shi. A gidaje da yawa na Kura da ƙauyukanta, mata ne ke turara shinkafa kafin a kai inji. Ga kuma tuwon gida, ga abincin 'yan ƙodago. Wata uwargida wutarta ba ta mutuwa daga asuba har magariba, yaro kuwa yana goye a bayanta.

Wannan hayaƙi ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2, cikinsu har da yara fiye da 237,000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Saboda haka muna murna idan muka ga gida ya gina murhu mai bututun hayaƙi, ko ya rataya malafar ƙarfe bisa murhu don ta tattara hayaƙin ta miƙa shi waje. Amma ginawa dabam, riƙewa dabam. Bututu kuwa yakan fara lalacewa a wurin da aka haɗa guntu da guntu. A kan wannan mahaɗi za mu yi magana yau.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

A ƙasar Gwatamala, cikin tuddan San Markos, masana sun bi gidaje fiye da 500, wasu an ba su murhu mai bututu, wasu suna girki a buɗaɗɗiyar wuta. Sakamakon ya fito a 2011. Hayaƙin da yaran gidaje masu bututu suke shaƙa ya ragu da kamar rabi, ciwon huhu mai tsanani kuma ya ragu da kamar kashi 1 cikin 3.

A jihar Odisha ta Indiya kuwa labarin ya sha bamban. An bi gidaje har shekara 4. A shekarar farko hayaƙi ya ragu, daga baya amfanin ya ɓace, gama mutane ba su share bututun ba, ba su gyara abin da ya fashe ba, har suka koma tsohon murhu. Wato bututu yana aiki, amma sai ga mai kula da shi.

Yadda bututu yake jan hayaƙi

Hayaƙi mai zafi ya fi iskar waje rashin nauyi, shi ya sa yake hawa. Sa'ad da yake hawa, yana jawo sabuwar iska ta bakin murhu, wuta ta ci sosai. In akwai ɓaraka a mahaɗi, iska mai sanyi za ta shiga ta can, hayaƙi ya huce, jan ya raunana. Sai wuta ta yi ta ci a lalace, itace ya ƙare a banza, hayaƙi ya komo ɗaki. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Cikin hayaƙin kuma akwai wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Alamarta ciwon kai ne da jiri da kasala. Haɗarinta ya fi yawa da hunturu, lokacin da ake rufe ƙofa da taga saboda sanyi.

Wajen zaɓe

Na ɗaya, ƙarfe. Guntun da yake kusa da wuta ya zama baƙin ƙarfe mai kauri, geji 24 ko wanda ya fi shi kauri. Ku tuna, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Kwanon rufi ya yi sirara, kuma farin shafen da ke jikinsa yakan ƙone da zafi ya fitar da hayaƙi mai cutarwa. Kada a sa bututun roba ko kaɗan. Kada a sa tsohon bututun asbestos, gama ƙurarsa tana jawo mugun ciwo a huhu. Araha ba ta ado.

Na biyu, faɗi. Murhun gida yakan wadatu da bututu mai inci 4 ko 5. Babban murhun turara shinkafa yana bukatar wanda ya fi haka. Abin lura shi ne mahaɗi ya yi daidai da bakin murhu ko wuyan malafa. Kada bututu ya tsuke a hanya.

Na uku, fuskar haɗi. Kowane guntu yana da baki mai faɗi da baki tsukakke. Mutane da yawa sukan juya tsukakken sama, wai don hayaƙi sama yake tafiya. A murhun itace ba haka ba ne. Tsukakken bakin guntun sama shi ne zai shiga cikin guntun ƙasa, kamar inci 2. Dalili kuwa, baƙin ruwan da hayaƙi yake bari yana gangarowa ne, in an haɗa daidai sai ya bi ta ciki ya koma murhu ya ƙone. In an juya, sai ya tsiyayo ta waje, ya ci ƙarfe, ya ɓata bango.

Na huɗu, ɗauri. A ɗaure kowane mahaɗi da ƙananan noti 3, ko da ɗamarar ƙarfe mai noti. Kada mai walda ya manne bututun gida gaba ɗaya, domin dole a riƙa kwancewa ana sharewa. Inda bututu ya shiga jikin murhun ƙasa, a liƙe da yumɓu wanda aka kwaɓa da yashi da toka. Leda da salatif da tsumma ba su da wuri a nan.

Na biyar, gwiwa. Miƙaƙƙen bututu ya fi ja. In dole ne a lanƙwasa don a fita ta bango, gwiwa kada ta wuce 2, guntun da yake kwance kuma ya zama gajere, ya ɗan ɗaga kai zuwa waje.

Inda ya ratsa rufi

Nan ne gobara take samun ƙofa. Ƙa'idar da masu kashe gobara na Amurka suke bi ita ce a bar inci 18 tsakanin bututu mai ɓawo ɗaya da duk abin da yake cin wuta. A wurinmu wannan yana nufin katako da azara da zana da kara da buhunan shinkafa. In ɗakin girki na jinka ne, gara a fitar da bututu ta bangon ƙasa, a miƙe shi sama nesa da ciyawa. Kada mahaɗi ya faɗo a cikin bango ko cikin rufi inda ido ba ya gani. Kan bututu ya ɗara wurin da ya ratsa rufi da ƙafa 3, a sa masa hula don ruwan sama.

Masu sayar da abinci a bakin hanyar Kano zuwa Zariya, waɗanda suke suya da mai kullum, nasu ya bambanta. Maiƙo yana taruwa cikin bututu, yana kuwa kamawa da wuta. Su kam a yi musu walda a kowane mahaɗi yadda ko ɗigo ba zai fita ba, da ƙarfe geji 16, a bar 'yar ƙofa ta sharewa.

Wajen kula

Kowane mako, sa'ad da murhu ya huce, uwargida ta ƙwanƙwasa bututu da 'yar sanda. In ya yi ƙara tas, hanya a buɗe take. In ƙarar ta dushe, ya cika. Ta duba kowane mahaɗi: baƙin layi a gefensa alama ce ta yoyo.

Kowane wata, ko kowane mako biyu a lokacin turara, maigida ya kwance guntayen, ya ɗaura tsumman buhu a kan gora, ya goge ciki. Kunkunniya kada ta wuce kaurin tsinken ashana. Masu hura wuta da buntun shinkafa su ƙara kula da gwiwa, gama tokar buntu ba ta da nauyi, tana tashi ta kwanta a lanƙwasa. Ɗanyen itace kuma shi ne babban abokin tsatsa, a shanya shi tukuna.

Bayan an mayar, a ƙona ɗan bambaro mai laima, a zagaya a ga ko hayaƙi yana fita ta wani wuri. Guntun da ya huje a sake shi. Kafin damina a duba hula da liƙin rufi, kafin hunturu a duba tazarar katako.

Shawararmu ga ƙungiyoyin mata masu turara shinkafa ita ce su yi magana da maƙeri ɗaya, ya yi musu guntaye da gwiwoyi masu awo ɗaya, a ajiye biyu ko uku a gidan ma'aji. Ranar da na wata ya huje, ba sai ta jira an je birni ba, ba kuma za ta koma girki cikin hayaƙi da yaro a baya ba.