Gundumar Cimarron: Ƙasar Ciyawa da Aka Sa wa Garma

A can ƙarshen yammacin jihar Oklahoma ta Amurka akwai wata gunduma mai suna Cimarron. Faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita 4,770, amma ƙidayar 2020 ta sami mutum 2,296 kacal a cikinta. Ita kaɗai ce gunduma a Amurka da ta yi iyaka da jihohi huɗu baya ga tata: Colorado da Kansas daga arewa, New Mexico daga yamma, Texas daga kudu. Tarihinta gaba ɗaya gardama ce tsakanin burin mutane da ƙarancin ruwa.

Yawancin ƙasar shimfiɗaɗɗen fili ne mai gajeriyar ciyawa, babu itatuwa sai a bakin rafi, iska kuwa ba ta hutawa. A arewa maso yamma ne ƙasar ke tashi ta zama duwatsu da kwazazzabai, inda kogin Cimarron ke ratsawa, kuma a nan tudun Black Mesa yake, wuri mafi tsayi a jihar, mita 1,516 daga matakin teku. Ruwan sama a shekara bai cika kaiwa milimita 500 ba, kusan irin na Damagaram ko Maraɗi.

Kafin zuwan Turawa, ƙabilun Comanche da Kiowa ne ke farautar ɓauna a wannan sarari. Daga shekarun 1820 ayarin fatake masu amalanke ya fara bi ta nan tsakanin Missouri da Santa Fe. Hanyar da ta bi ta nan ta fi sauran gajarta, sai dai ruwa na da wuya a kanta, don haka duk inda aka sami idon ruwa ya zama zango. Har yau ana ganin sunayen da matafiya suka sassaƙa a jikin dutsen Autograph Rock.

Siyasar bauta ce ta shata iyakokin yankin. Texas ta shiga tarayyar Amurka a 1845 da bayinta, doka kuma ta hana bauta a arewacin wani layi da aka ja, sai ta saki ƙasarta da ke bayan layin a 1850. Da aka yanka wa Kansas iyakarta ta kudu a 1854, sai wani siririn yanki mai faɗin kusan kilomita 55 ya rage a tsakani, babu hukuma, babu kotu, babu takardar mallakar fili. Makiyaya da ɓarayin shanu suka ci karensu babu babbaka har 1890, lokacin da aka haɗa yankin da Oklahoma. A 1907 aka raba shi gida uku, Cimarron ta zama ta yamma.

Hedikwatar gundumar, Boise City, da damfara aka kafa ta. A 1908 wasu dillalai suka buga takardun talla masu nuna gari da tituna da itatuwa da ruwa mai ɓulɓulowa, suka sayar wa mutanen nesa filaye ta gidan waya. Masu saye suka iso suka tarar da fili fetal. Biyu daga cikin dillalan sun yi zaman kurkuku, amma garin ya zauna, har ya karɓe hedikwata daga garin Kenton, kuma layin dogo ya iso shi a 1925.

Jirgin ƙasa da tarakta da farashin alkama mai tsoka su suka sauya fuskar gundumar. Shekarun 1920 sun zo da damina mai kyau, manoma suka yi ta kifar da ciyawar da saiwoyinta suka daɗe suna riƙe da ƙasa. A ƙidayar 1930 mutane sun kai 5,408, adadin da ba a sake kaiwa ba. Daga nan farashin alkama ya faɗi warwas, fari ya sauka, gonaki suka zauna tsirara. Iska ta riƙa kwashe ƙasar sama tana tara ta jikin gidaje da shinge, shanu na mutuwa da ƙasa a ciki, yara da tsofaffi na fama da ciwon huhu. Ranar Lahadi 14 ga Afrilu, 1935, wata guguwar ƙura ta rufe yankin har rana ta koma dare. A cikin wannan watan majalisar dokokin Amurka ta kafa hukumar kare ƙasar noma. Gwamnati ta sayi gonakin da suka lalace ta mayar da su ciyawa, wani ɓangarensu shi ne makiyayar Rita Blanca da ke kudancin gundumar.

Boise City ta sake shiga labarai ranar 5 ga Yuli, 1943, lokacin da matuƙan wani jirgin yaƙi daga sansanin Dalhart na Texas suka ɗauki fitilun dandalin kotu a matsayin filin atisaye, suka sako bama-baman gwaji shida. Babu wanda ya mutu.

A yau kusan rabin mutanen gundumar a Boise City suke zaune. Keyes da ke gabas garin rumbunan hatsi ne, Felt ƙauye ne a kudu maso yamma, Kenton kuwa, a gindin Black Mesa, agogonta awa ɗaya yake bayan na sauran jihar, domin hulɗarta ta fi yawa da maƙwabtan yamma. Kiwon shanu da noman alkama da dawa su ne abin dogaro. Gonaki sun ƙara girma, injuna sun rage buƙatar hannu, matasa na tafiya birane.

Abin da ya ba noman rani ƙarfi bayan yaƙin duniya na biyu shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala, wanda rijiyoyin burtsatse ke zuƙa. Ruwa ne da ya taru cikin dubban shekaru, kuma a wannan yanki ana ɗibarsa fiye da yadda damina ke mayarwa. Duk lokacin da rijiya ta yi ƙasa, manomi na da zaɓi biyu: ya koma noman da ya dogara da ruwan sama, ko ya bar gonar ta koma makiyaya. Kowanne ya zaɓa, hannun da ake buƙata kaɗan ne, don haka da wuya ƙidaya mai zuwa ta nuna ƙari.