Dokokin tsayawa da ajiye mota a gefen titi a Birtaniya

Dokokin tsayawa da ajiye mota a gefen titi a Birtaniya su ne ƙa'idojin da ke fayyace inda direba zai iya tsayar da abin hawa, da tsawon lokacin da zai ɗauka a wurin, da tarar da za a ci shi idan ya saɓa. Ana sanar da mafi yawansu ta layukan fenti da ake ja a bakin titi, masu launin rawaya ko ja ko fari, tare da ƙananan alluna da ke nuna ranaku da sa'o'in da haramcin yake aiki. An tattara su a taƙaice cikin Kundin Ƙa'idojin Hanya, littafin da mai neman lasisin tuƙi yake karantawa kafin jarrabawa. Ƙarfinsu na shari'a kuwa yana fitowa daga dokokin majalisar ƙasa da umarnin da kowace ƙaramar hukuma take fitarwa a kan titunanta.

Tsarin ya ginu a kan bambanta abubuwa uku da akan haɗa su wuri guda a maganar yau da kullum: tsayawa, jira da lodi. Tsayawa ita ce mota ta daina tafiya da nufin direba, ko da na ɗan lokaci kaɗan ne. Jira shi ne mota ta zauna a wuri fiye da abin da sauke fasinja ko ɗaukarsa yake buƙata, ko direba yana ciki ko ba ya ciki. Lodi shi ne ɗora kaya ko sauke su. Kowane irin layi yana hana ɗaya ko biyu ko dukkan ukun, kuma yawancin gardamar da ake yi a kan tara tana komawa ga wannan bambanci.

Tarihi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motocin masu zaman kansu sun ƙaru sosai a biranen Birtaniya, alhali titunan tsakiyar gari an shimfiɗa su tun zamanin keken doki. A shekarar 1958 aka kafa mitocin biyan kuɗin ajiye mota na farko a unguwar Mayfair da ke Landan. A 1960, lokacin da Ernest Marples yake ministan sufuri, majalisa ta zartar da dokar da ta samar da jami'an kula da ajiye motoci a ƙarƙashin 'yan sanda. A watan Satumbar shekarar suka fara aiki a Landan, tarar kuwa fam 2 ce. A cikin waɗannan shekaru ne layin rawaya ya yaɗu a titunan ƙasar.

Kusan shekara talatin ana ɗaukar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba a matsayin ƙaramin laifi da 'yan sanda da kotun majistare suke kula da shi. Dokar Zirga-zirgar Hanya ta 1991 ta sauya wannan. Ta bai wa ƙananan hukumomi ikon cin tara da kansu, ta kuma mayar da tarar bashi da ake bin mai mota. Zuwa 1994 dukkan gundumomin Landan sun karɓi aikin, daga baya sauran garuruwa suka biyo baya. Dokar Tafiyar da Zirga-zirga ta 2004, wadda sashenta na ajiye motoci ya fara aiki a 2008, ita ce ginshiƙin tsarin da ake bi yanzu a Ingila da Wales. Scotland da Arewacin Ireland suna da nasu dokokin, amma ma'anar layukan ɗaya ce a duk faɗin ƙasar.

Layin rawaya

Layin rawaya yana hana jira. Idan layi biyu ne a jere, haramcin yana aiki dare da rana, kowace rana, ko da babu allo a kusa. Idan layi ɗaya ne, yana aiki a lokutan da aka rubuta a ƙaramin allo mai launin rawaya da ke kusa. A wasu unguwanni ba a kafa allo a kowane titi: ana rubuta lokutan a babban allo a mashigar unguwar, kuma su ne suke aiki a kan duk layin rawaya guda da ke cikinta. Baƙo da ya shiga irin wannan unguwa bai lura da allon mashiga ba yakan ɗauka babu haramci, ya dawo ya tarar da takardar tara.

Layin rawaya bai hana tsayawa domin fasinja ya hau ko ya sauka ba, haka kuma bai hana lodi ba matuƙar aikin yana gudana ba tare da katsewa ba. Abin da ke hana lodi shi ne gajerun zane-zane masu launin rawaya da ake yi a kan dakalin bakin titi. Zane biyu-biyu yana nufin babu lodi a kowane lokaci, zane ɗai-ɗai kuwa yana nufin babu lodi a lokutan da farin allo ya nuna. Haramcin layin rawaya bai tsaya a kan kwalta ba, ya haɗa da hanyar masu tafiya a ƙasa da ciyawar gefenta. Saboda haka wanda ya hau da motarsa bayan layin bai kuɓuta ba.

Jan layi

Jan layi ya fi tsanani, domin tsayawar kanta yake hanawa. An fara gwada shi a Landan a 1991 a kan manyan hanyoyin da ke shiga birnin. Tun daga 2000 Hukumar Sufuri ta Landan, wadda aka fi sani da TfL, ce take kula da waɗannan hanyoyi. Tsawonsu ya kai kimanin kilomita 580. A lissafin hukumar, kashi 5 cikin ɗari ne na titunan birnin, amma suna ɗaukar har kashi 30 cikin ɗari na zirga-zirgarsa. Dalilin tsanantawar ke nan: mota ɗaya da ta tsaya a irin wannan hanya tana toshe layi guda, motocin bas su taru a bayanta, cunkoso ya kai mahaɗar da ke baya cikin 'yan mintuna.

Jan layi biyu yana hana tsayawa a kowane lokaci. Jan layi ɗaya yana hanawa a lokutan da allo ya nuna, galibi daga ƙarfe 7 na safe zuwa 7 na yamma, Litinin zuwa Asabar. Domin masu shaguna da mazauna unguwa, ana keɓe wasu gurabe da aka zana a gefen hanyar inda ake iya lodi, yawanci na minti 20, ko ajiye mota na ɗan lokaci. Wasu yankunan wajen Landan, kamar Birmingham da kewayenta, su ma sun ɗauki tsarin.

Sauran wuraren da aka hana

Wurin tsallakar masu tafiya a ƙasa yana da farin layi mai kama da haƙoran zarto a gabansa da bayansa. An hana tsayawa a kansa domin motar da ta tsaya a nan tana kare mai tsallakawa daga idon direban da ke tahowa. A nan 'yan sanda ma suna da hurumi: suna iya cin tarar fam 100 tare da rubuta maki 3 na laifi a lasisin direba, kuma wanda makinsa ya kai 12 cikin shekara uku ana iya hana shi tuƙi.

A ƙofar makaranta ana yin irin wannan layi da launin rawaya, domin yara su iya ganin titi, direbobi su ma su gan su. Matsayar bas tana da faffaɗan layin rawaya da ke hana sauran motoci tsayawa. A manyan hanyoyin wajen gari akan sa allo mai zagaye, shuɗi da jan baki da jan giciye a tsakiya, wanda ke hana tsayawa baki ɗaya. Kafaɗar babbar hanya mai saurin gudu kuwa ta gaggawa ce kawai, kamar lalacewar mota.

Akwai haramcin da ba ya buƙatar layi ko allo. A yankunan Ingila da ƙananan hukumomi suka karɓi wannan iko, ana cin tarar wanda ya ajiye mota nesa da bakin titi fiye da santimita 50, ko ya tare wurin da aka sassauto da dakali domin keken guragu ko mashigar gida. A Landan an hana ajiye mota a kan hanyar masu tafiya a ƙasa tun 1974. Scotland ta yi irin wannan doka a 2019, aka ba ƙananan hukumomi ikon aiwatar da ita daga Disambar 2023, kuma Edinburgh ce ta fara a Janairun 2024 da tarar fam 100.

Waɗanda aka sassauta wa

Doka ba ta kama wanda cunkoso ko fitilar hanya ko umarnin ɗan sanda ya tsayar ba, haka wanda ya tsaya domin kauce wa hatsari. Motocin asibiti, na 'yan kwana-kwana da na 'yan sanda da ke bakin aiki ba sa cikin haramcin. Tasi mai lasisi na iya tsayawa a mafi yawan jan layi domin ɗaukar fasinja ko sauke shi.

Masu buƙata ta musamman suna da shuɗin kati da ake ajiyewa a gaban gilashin mota. A Ingila da Wales mai katin na iya ajiye mota a kan layin rawaya har tsawon awa 3, muddin babu zanen hana lodi kuma bai tare hanya ba. Wannan sassauci ba ya aiki yadda yake a wasu sassan tsakiyar Landan, kamar Westminster da Kensington da Chelsea, inda gundumomin suke da nasu tsarin. A kan jan layi kuwa katin yana ba da damar ɗaukar mai shi ko sauke shi ne kawai.

Yawan tara

Takardar tarar da ƙaramar hukuma ke bayarwa ana taƙaita sunanta da PCN. Jami'i na iya manna ta a gilashin mota, ko ya miƙa wa direba, ko a aika ta gidan waya idan kyamara ce ta ɗauki motar. Laifuffukan sun kasu biyu. Babban mataki ya shafi ajiye mota inda aka hana gaba ɗaya, kamar layin rawaya ko gurbin naƙasassu. Ƙaramin mataki ya shafi wanda ya ajiye a halastaccen wuri amma ya wuce lokacin da ya biya.

A mafi yawan Ingila wajen Landan, babban mataki fam 70 ne, ƙarami fam 50. A hanyoyin jan layi na TfL tarar ta tashi daga fam 130 zuwa fam 160 a Janairun 2022. Gundumomin Landan sun ƙara tasu a Afrilun 2025, inda mafi girma ta kai fam 160. A Arewacin Ireland fam 90 ce. Wanda ya biya cikin kwana 14 ana yafe masa rabi, kuma wa'adin yakan zama kwana 21 idan kyamara ce ta kama laifin ajiye motar aka aiko takardar ta gidan waya. A wasu wurare hukuma na iya janye motar zuwa ma'ajiya, mai ita ya biya tara da kuɗin janyewa kafin a sake ta.

Ƙalubalantar tara

Wanda ake bi tarar shi ne mai motar, wato galibi wanda sunansa yake a rajistar hukumar DVLA, ko da wani ne yake tuƙi. Tun da bashi ce, ba ta shiga tarihin laifin mutum kuma ba ta taɓa lasisinsa.

A Ingila, wanda aka manna wa takarda yana da kwana 28 ya biya, kuma yana iya rubuta wa hukumar ƙorafi tun a lokacin. Idan bai biya ba, ana aika wa mai motar sanarwa, sai ya sami wasu kwana 28 na gabatar da hujja a hukumance. Dole hukumar ta amsa cikin kwana 56. Idan ta ƙi hujjar, yana iya ɗaukaka ƙara kyauta zuwa gaban lauya mai zaman kansa da aka naɗa domin yanke irin wannan hukunci. Landan tana da nata zauren, sauran Ingila da Wales suna da nasu. Daga cikin hujjojin da doka ta amince da su akwai cewa laifin bai auku ba, ko an sace motar, ko an sayar da ita kafin ranar, ko hukumar ta saɓa ƙa'idar aikinta. Alamar da ba ta fito sarai ba, kamar allon da ya ɓace, tana iya zama hujja.

Wanda ya yi biris da takardun, tararsa tana ƙaruwa da rabi, fam 160 ta zama fam 240. Daga nan ana yi wa bashin rajista a wata cibiyar kotu da ke Northampton, a ƙarshe a tura masu karɓar bashi, waɗanda ke ɗora nasu kuɗin aiki kuma suna da ikon kama dukiya.

Takardar da kamfanoni masu zaman kansu ke bayarwa a filin ajiye mota na kanti ko asibiti ba ta cikin wannan tsari, ko da yake kamanninta ɗaya ne da ta hukuma. Ita neman kuɗi ce a kan karya sharaɗin da aka rubuta a allon filin. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar da halaccin irin wannan caji na fam 85 a wata shari'a da ta shafi kamfanin ParkingEye.

Muhawara

Babban zargin da direbobi da masu shaguna suke yi shi ne ƙananan hukumomi sun mayar da tara hanyar samun kuɗin shiga. Dokar 1984 da ta tsara amfani da hanyoyi ta taƙaita abin da za a yi da rarar kuɗin, mafi yawa ga harkokin sufuri da gyaran tituna. A 2013 Babbar Kotu ta yanke cewa gundumar Barnet ta saɓa doka da ta ƙara kuɗin izinin ajiye mota na mazauna unguwa da nufin tara kuɗi. A 2015 gwamnati ta taƙaita amfani da kyamara wajen cin tarar ajiye mota a Ingila ga wurare kaɗan, wato jan layi, layin bas, matsayar bas da ƙofar makaranta. Ta kuma ba da rangwamen minti 10 ga wanda lokacinsa ya ƙare a halastaccen gurbi. Rangwamen bai shafi layin rawaya ko ja ba.

A ɗaya ɓangaren, ƙungiyoyin makafi da na masu keken guragu suna ganin aiwatarwar ba ta kai yadda ya kamata ba. Hujjarsu ita ce motar da ta hau hanyar masu tafiya a ƙasa tana tilasta wa makaho ko mai tura keken jariri sauka cikin titi. Sun daɗe suna kira da a shimfiɗa wa sauran Ingila irin haramcin da ke aiki a Landan da Scotland.